Makullin bel na iya ƙin buɗewa bayan haɗari?

Wani direban Sharan mai jigila tsakanin Sakkwato da Illela ya aiko da tambaya. Ya ce fasinjojin gaba sukan ƙi ɗaura bel, wai idan mota ta kama da wuta ko ta faɗa ruwa, bel ɗin ne zai riƙe su. Shi kuma nasa makullin, tun shigowar hunturu sai ya danna sau biyu ko uku kafin ya saki, har wani yaron gareji ya ba shi shawarar ya ɗiga masa man birki. Yana son ya san yadda ɗan abin nan yake aiki, da kuma ko tsoron fasinjojin na da tushe.

Malam direba, Allah ya kiyaye hanya. Kafin komai, man birkin nan kada ka yarda. Zan zo kan dalili, amma riƙe wannan tukuna.

Tsoron fasinjojinka tsoho ne, kuma masu ƙera bel sun san da shi tun farko. Ayyuka biyu masu karo da juna aka ɗora wa makullin. Ana so ya riƙe ƙato lokacin da mota ta tsaya cak daga gudu. Ana kuma so bayan 'yan daƙiƙu babban yatsa guda ya buɗe shi, ko mutum ya ji rauni, ko cikin duhu ne, ko wani ne daga waje ya zuro hannu ta taga. Duk abin da ka gani a jikinsa, daga launin madannin har wurin da aka dasa shi, ƙoƙarin sasanta waɗannan biyun ne.

Duba ƙasan bel ɗinka kusa da inda aka ɗaure shi, za ka ga wani ɗan ƙyalle da aka ɗinka. Idan motar daga Turai ta zo, kamar yawancin 'yan Kwatanon da muke hawa, za ka ga harafin E cikin da'ira da lamba kusa da shi mai nuna ƙasar da ta amince da bel ɗin: 1 Jamus ce, 2 Faransa. Alamar tana nufin an gwada irin wannan bel bisa ƙa'ida ta 16 ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan motoci. A ƙa'idar, makullin bel mai maɗauri uku, wato irin namu mai bin ƙirji da ƙugu, sai ya jure jan da ya kai kusan tan ɗaya da rabi bai karye ba, bai saki ba. Nauyin buhun siminti talatin ke nan daga Kalambaina, rataye a jikin ɗan ƙarfen da bai cika tafin hannu ba. Sannan a ɗaura wa mutum-mutumi mai kilo 75 bel ɗin, a buga shi a gudun kilomita 50 cikin sa'a. Bayan bugun, a bar nauyin kilo 60 yana jan makullin, a auna ƙarfin da ake bukata a danna ya buɗe. Bai halatta ya wuce kimanin kilo 6 ba. Ta ɗaya ɓangaren kuma bai halatta ya buɗe da dannawar da ba ta kai kilo 1 ba, don kada gwiwar hannu ko jaka ta taɓa shi ya saki. Amurkawa suna da tasu ƙa'idar mai lamba 209, ta fi sassauci a nan, iyakarta kusan kilo 13 da rabi. Wato yanayin da fasinjanka yake tsoro, na buɗewa bayan an yi karo kuma nauyin jiki na jan bel, shi ne ainihin abin da ake gwadawa kafin a bar bel ya shiga kasuwa.

To ta yaya abu zai riƙe tan ɗaya da rabi, yatsa ya buɗe shi? Idan ka ɓare robar da ta rufe makulli, kayan ciki ba su da yawa. Akwai gangar jiki ta ƙarfe mai kauri, wadda aka ɗaure da ƙasan mota ko jikin kujera. Akwai haƙori na ƙarfe mai faɗawa cikin ramin da ke jikin harshen bel, wato ɗan ƙarfen da kake sokawa cikin makulli. Akwai 'yar sakata mai shiga bayan haƙorin ta tokare shi. Sai sifirin biyu ko uku, ɗaya daga ciki aikinsa kullum ya riƙa turo harshen waje. Sai madannin mai launin ja. Idan ka tura harshe, zai danne wancan sifirin, haƙori ya faɗa rami, sakata ta zame ta hau kansa. Ƙarar "ƙas" da kake ji, saukar sakatar ce.

Madannin ba ya ɗaukar nauyi ko kaɗan. Jan da bel ke yi yana bi ta harshe ya shiga haƙori, daga haƙori ya wuce gangar ƙarfe, daga nan sai noti da jikin mota. An karkata fuskar haƙorin ta yadda ɗan kaso kaɗan na jan ne ke neman ɗaga shi, kuma wannan ɗan kason ne kawai sakata take tarewa. Yatsanka sakatar yake turewa gefe. Da ta kauce, jan bel ɗin da kansa zai ɗaga haƙorin, sifirin ya tofo harshen waje. Karkatar nan ce wurin da injiniya yake zuba basirarsa. Idan ta yi yawa, nauyi ya taru a kan sakata, ta cije ko ta lanƙwashe. Idan ta yi kaɗan, haƙori ya zama ƙugiya, ya riƙe da kyau amma ya ƙi saki muddin akwai nauyi a kansa. Bambancin digiri kaɗan ne, shi ya sa ba na yarda wani ya sa zarto ya "gyara" haƙorin makulli, komai iya hannunsa.

Sifirin mai tofo harshe yana da wani aikin da mutane ba su lura da shi ba. Shi ne yake hana makulli yin ƙarya. Ƙa'ida ba ta yarda makulli ya tsaya a rabin kulle ba: ko dai ya kama gaba ɗaya, ko ya dawo maka da harshen a hannu ka san bai kama ba. Idan sifirin ya mutu ko datti ya danne shi, harshe zai iya zama a ciki kamar ya kama alhali haƙori bai faɗa ba. Wannan ya fi makullin da ke cijewa haɗari, domin ba ya nuna kansa sai ranar da aka taka birki da ƙarfi. A nan garinmu akwai abin da ke jawo shi wanda ba na jin masu gwaji a Jamus sun yi tunaninsa: babbar riga. Gefenta, ko gefen hijabi, yakan bi harshe ya shiga makulli. Ka saba wa kanka da fasinjanka, da an ji ƙas a fizgi bel ɗin sau ɗaya da ƙarfi.

Gaskiyar da ke cikin maganar fasinjojinka ita ce, idan mota ta kife mutum na rataye, makulli yakan yi tauri fiye da kullum, saboda sakata na gogayya ƙarƙashin nauyi. Ga firgici, ga hannu na rawa. Abin yi shi ne ka tokare rufin motar da hannu ɗaya, ka kafa ƙafafu, ka rage wa bel nauyinka, sannan ka danna. Yin haka yana kuma hana ka faɗowa a kan wuyanka da zarar ya saki. A ruwa kuwa, misali a ce Allah ya kiyaye mota ta zarce gadar Kwalkwalawa da damina, mota takan yi kamar minti guda tana yawo a saman ruwa kafin ruwa ya danne tagogi. A wannan mintin a kwance bel, a sauke gilashi, a fitar da yara, a fita ta taga. Kada a tsaya kokawa da ƙofa ko neman waya.

Sai dai a auna abin da hankali. Hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka ta ce haɗuran da wuta ko nutsewa ke shiga cikinsu ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce bel yana rage yiwuwar mutuwar mazaunin gaba da kusan rabi. Karo a gudun kilomita 50 daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, a gudun 100 kuwa kusan mita 40 ne, kuma ka fi ni sanin gudun da ake yi da an wuce Kware. Ko a ɗan kason nan na wuta da ruwa, wanda ya buga kai a gilashi ya suma ba zai fita ba ko ƙofa a buɗe take. Mai bel ne yake da damar zama cikin hayyacinsa ya danna madanni ya ja na kusa da shi.

Wurin da makullin yake, can gefen ƙugu tsakanin kujeru, shi ma ba haka kawai aka zaɓa ba. Injiniyan Volvo ɗan ƙasar Suwidin, Nils Bohlin, shi ya fito da bel mai maɗauri uku a 1959. Kafin nan ya yi aiki a kamfanin Saab kan kujerun da ke cilla matuƙin jirgin yaƙi waje, saboda haka ya san abin da ɗauri ke yi wa jikin mutum. Wasu bel ɗin da suka riga nasa makullinsu a kan ciki yake zama, a karo sai ƙarfen ya nutse cikin hanji. Bohlin ya mayar da shi gefe, ƙasa, inda jan zai bi ƙashin ƙugu da ƙirji, kuma hannu ɗaya ya isa a ɗaura. Volvo ta bar sauran kamfanoni su yi amfani da ƙirar. Saboda wannan ne nake ƙin ƙarin makullin da ake sayarwa don tsawaita bel ba tare da larura ba, domin yana ɗago makulli ya dawo da shi kan ciki, inda aka sha wahalar raba shi da shi. Mai juna biyu ma bel na ƙasa ƙarƙashin ciki zai bi, a kan ƙashi.

Launin ja doka ce. Ƙa'ida ta 16 ta ce madanni ya zama ja, kuma kada wani sashe na makullin ya kasance ja, don wanda bai taɓa ganin motar ba ya gane inda zai danna nan take. Har faɗinsa an ƙayyade: madannin da ke cikin rami kada ya gaza milimita 15, yadda yatsan babba zai shiga.

Wanda ya taɓa tashi zuwa Hajji daga filin jirgin Sultan Abubakar na III ya ga wani irin makulli dabam, mai murfin ƙarfe da ake ɗagawa. Yana da sauƙi da ƙarfi, amma a mota ba zai yi ba, don hannun riga ko hannun na kusa da kai zai iya ɗaga shi. Ma'aikatan jirgi suna nuna yadda ake buɗe shi kafin kowane tashi ne saboda hannun da ya saba da mota, a firgice madanni yake nema. Masu tseren mota da matuƙan jiragen yaƙi nasu mai murɗawa ne, maɗauri biyar ko shida suna haɗuwa wuri guda, murɗa ɗaya ta saki duka. Kujerar jarirai kuma da gangan aka taurara tata: a ƙa'idar Turai ba ta buɗewa da ƙasa da kilo 4, don yaro ya kasa, babba ya iya.

A motoci ma an yi sauyi. Tsofaffin makullai madanninsu a fuska yake, a gefe, na yanzu kuwa a baki yake, kusa da inda harshe ke shiga. An daɗe ana shari'a a Amurka kan ko bugu daga baya na iya sa na gefen ya buɗe da kansa. Hukumarsu ta ce ba ta ga hakan na faruwa a haɗuran gaske ba, lauyoyi suka ce yana faruwa. Abin da ya tilasta wa injiniyoyi ɗaukar batun da gaske shi ne zuwan na'urar ɗame bel, wadda Mercedes ta fara sa wa manyan motocinta a 1981. Wani ɗan albarushi ne ke tashi a farkon karo ya ja bel ya ɗame a jiki kafin mutum ya fara tafiya gaba. A wasu motocin makullin kansa ake fizga ƙasa, ya yi tafiyar 'yan santimita ya tsaya cak. Madannin da ke baki, da nauyin kansa, zai so ya ci gaba da tafiya ƙasa, wato ya danna kansa. Maganin da aka yi shi ne wani ɗan ƙarfe mai nauyi a ciki, wanda wannan fizgar take juyawa ya tare madanni ko sakata na ɗan lokacin, sannan ya koma wurinsa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka makullin wata mota ba ya zama a wata don kawai harshe ya shiga.

Yanzu naka. Makullin da aka gwada a masana'anta, an buɗe an rufe shi sau 5,000 kafin a amince da shi, amma sabo ne, mai tsabta. Naka ya yi shekaru a Turai, ya zo ya sha ranar Sakkwato. A watan Afrilu zafin waje yana haura digiri 40, cikin motar da aka ajiye a rana a tasha kuwa yana wuce 60. Ga ƙurar hunturu mai laushi da ke shiga ko'ina. Bakin makulli sama yake kallo, saboda haka duk abin da ya faɗo tsakanin kujeru nan ya nufa. Abin da na fi cirowa daga ciki shi ne ɓawon gyaɗa, ɓarɓashin goro, tsinken sakace, da danƙon lemo ko zoɓo da ya zube ya bushe. Sukari da ƙura idan suka haɗu sukan riƙe sakata ta riƙa tafiya da ƙyar. Alamar da ka faɗa, danna biyu ko uku kafin ya saki, ta fi kama da wannan.

Akwai kuma dalili na biyu da ya fi muni, wato tsufan roba. A 1995 an janye motoci sama da miliyan 8 a Amurka, ƙirar 1986 zuwa 1991, yawancinsu na Japan, saboda makullan kamfanin Takata. Robar madannin ce take bushewa ta yi gautsi, gutsattsarinta su faɗa ciki, wani makullin ya ƙi kamawa, wani ya ƙi saki. Ka dubi naka da rana. Idan jan ya koɗe ya koma fari-fari, ko ka ga tsaga, ko gefensa ya ɓantare, ko ka girgiza ka ji abu na kaɗawa a ciki, wanki ba zai yi ba, sai canji.

Idan robar lafiya lau take, je wurin mai faci. Ka danne madannin, a hura iska mai ƙarfi ta bakin makullin ta kowace kusurwa, ka sa harshe ka cire sau da yawa, a sake hurawa. Idan danƙo ne, ɗan feshin da masu gyaran lantarki ke wanke soket da shi ya isa, irin mai bushewa nan take bai bar maiƙo ba. Goge harshen ma, ka duba ko ya lanƙwashe ko ya yi tsatsa. Man birki kuwa yana cin fenti, yana lalata roba iri-iri, yana kuma jan danshi. Baƙin mai da giris za su sa ya yi laushi na mako guda, daga nan su kama ƙura su zama taɓo, makullin ya fi da cijewa. Fetur ma yana busar da roba. Kada kuma a tsoma shi cikin ruwa, don akwai ɗan makunnin lantarki a ciki mai gaya wa mota ko ka ɗaura.

Bayan wankin, gwada shi haka: harshe ya shiga da turawa ɗaya da ƙara mai fita sarai, ka fizga da ƙarfi ya riƙe, ka danna sau ɗaya ya yi tsalle ya fito da kansa ba sai ka ja ba, madanni kuma ya dawo daidai bakinsa. Sake gwadawa kana jan bel ɗin da ɗaya hannun, don ka ji yadda yake saki ƙarƙashin nauyi. Idan ya faɗi ko ɗaya daga ciki, canza shi. Ni a wurina makulli ba abin gyara ba ne.

Wurin saye ne ake yin kuskure. Na Beljiyam ba laifi ba ne idan na irin motarka ne, na shekararta, na wannan kujerar, kuma ba daga motar da ta yi karo aka ciro shi ba. Bel ɗin da ya taɓa riƙe mutum a babban haɗari ya gama aikinsa, zarensa ya miƙe, albarushinsa ya tashi. Alamarsa ita ce bel ya sandare ya ƙi naɗewa, ko robar da ke wuyan makulli ta takure, ko ka ga wurin da zare ya yi ƙyalli kamar an goga masa dutsen guga. Idan da hali, sayi harshe da makulli tare. Notin ma a mayar da nasa na asali. A motoci da yawa, har na Turai da Japan, notin bel awon inci ne, bakwai bisa sha shida, kuma na ga inda aka tura na milimita da ƙarfi ya cinye ramin. Walda ba ta shiga wannan aiki, haka ma ɗinkin mai gyaran kujera a kan bel da ya tsinke. Idan ka ga waya mai soket ruwan ɗorawa a jikin makulli, akwai albarushi a wurin: a cire kan batir, a jira 'yan mintuna, kada a kusanto da wuta, kada mai lantarki ya sa masa fitilar gwaji.

Abu guda da nake gani a tashoshinmu yana ba ni takaici. Tun da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta ɗaura bel a farkon 2003, wasu direbobi suka koyi rataya shi a kafaɗa idan sun hango jami'ai, wasu suka kulle shi ta bayan kujera suka zauna a kai, yanzu kuma har guntun harshe ake sayarwa a soka a makulli don ƙarar gargaɗi ta yi shiru. Guntun nan yana yi wa kwamfutar mota ƙarya cewa kana ɗaure, kuma a motoci da dama da wannan labarin take yanke yadda za ta tayar da jakar iska, wato jakar da ke kumburowa a gaban mutum idan an yi karo. Jakar tana fitowa da gudun da ke kaiwa kusan kilomita 300 cikin sa'a, an lissafa ta ne don mutumin da bel ya riƙe a wurinsa. Ga shi ƙarfen guntun ba daidai yake da na asali ba, yana cinye haƙori a hankali. Haka ɗaukar mutum biyu a kujerar gaba: bel ɗaya ba ya ɗaure biyu, kuma na tsakiyan a kan makullin yake zama, ya lanƙwasa wuyansa ya fasa robarsa.

Fasinjan da ya ce yana tsoro, kada ka yi musu da shi. Ka ce, "Baba, ɗaura ka danna ka gani," ya buɗe da hannunsa sau biyu kafin ku bar tasha, ya san inda jan yake ko ido rufe. Wannan ba zai yiwu ba sai makullin kujerarsa na aiki, saboda haka ranar da za ka je wurin mai faci a hura duka, har na baya da suka nutse ƙarƙashin rigar kujera, a zaro su waje. Ka kuma nemi 'yar wuƙar yanka bel, mai reza a ɓoye cikin ƙugiya da kan ƙarfe na fasa gilashi, ka ɗaure ta kusa da giya inda hannunka zai kai kana ɗaure. A cikin but ko ƙarƙashin kaya ba ta da amfani. Gilashin gefe take fasawa, a kusurwa, na gaba mai leda ne a tsakiya ba ya tarwatsewa.